Manuni Mai Wayo: Hanyar Tsare Abu Daga Rushewa Alhali Ana Cikin Amfani da Shi

Gabatarwa

A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa kowace shekara a cikin manhajojinsa asalinsu ɗaya ne, watau kuskure wajen sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da shekara ta kewayo, masu kula da Chromium, wanda shi ne tushen burauzar nan ta Chrome, suka fito da nasu lissafin, shi ma ya kama wajen kashi 70 cikin 100 na manyan aibobin tsaron da suka samu. Sa'an nan suka ƙara da cewa kusan rabin waɗannan aibobi iri ɗaya ne: manhaja ta koma ta yi amfani da wani abu bayan an riga an rushe shi. Wannan ba maganar masana kaɗai ba ce, domin da irin waɗannan manhajoji ne ɗalibi ke neman karatu, akawu ke shirya takardar albashi, banki ke tura kuɗi. Duk inda irin wannan ɓaraka take, ƙofa ce ga masu kutse.

Makasudin wannan lacca shi ne bayanin ɗaya daga cikin dabarun da masu rubuta manhaja da harshen C++ suka ƙirƙiro don maganin wannan cuta, watau abin da ake kira manuni mai wayo. Za a nuna yadda yake aiki, amma za a fi daɗewa a kan wurin da yake gazawa, saboda mutane da yawa sun ɗauka da zarar an sa shi a cikin manhaja magana ta ƙare, alhali kuwa ba haka ba ne.

Abu da Manuninsa

Ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita wani dogon jeri ne na ƙananan gurabe, kowane gurbi da lambarsa, kuma lambar nan ita ake kira adireshi. Idan manhaja tana bukatar ta ajiye wani bayani, alal misali bayanin ma'aikaci guda, da sunansa da matakin albashinsa da ranar da ya kama aiki, sai ta nemi fili daga wani sashe mai rabon fili, ta shirya bayanin a ciki. Wannan dunƙulen bayani, tare da ayyukan da aka tanada a yi da shi, shi masana ke kira abu, kuma da wannan ma'ana za a riƙa amfani da kalmar a nan. Ana gina abu, a yi aiki da shi, in an gama a rushe shi a mayar da filin ga mai rabo don a ba wani.

Manuni kuwa ba kome ba ne illa ɗan gurbin da aka rubuta adireshin abu a ciki. Wanda ya yi aikin ofis zai fahimci wannan da sauri. Fayil yana can a kan kanta a rajista, amma lambarsa tana rubuce a takardu da yawa, a tebur da yawa. Lambar ba ita ce fayil ba. In aka ƙone fayil, lambar da ke rubuce a takardun nan ba ta gogewa da kanta. In kuma aka sake ba wani sabon fayil wannan lamba, duk wanda ya aiki masinja da tsohuwar takarda za a kawo masa fayil, amma ba wanda yake nufi ba, kuma mai yiwuwa ya sa hannu a ciki bai lura ba.

Haka abin yake a harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a Amurka wajen 1972, haka kuma C++ ya gada. Tsuran manuni bai san ko abin da yake nunawa yana nan ba ko an rushe shi. Bayan rushewa sai ya zama manuni mai nuna kufai. Abin da ya sa cutar ke da wuyar ganewa shi ne sau da yawa ba ta nuna alama nan take. Filin da aka saki yakan zauna ɗan lokaci da tsohon bayani a ciki, manhaja ta karanta ta wuce lafiya, a gwada ta sau dubu ba a ga kome ba. Sai wata rana, a kwamfutar wani, mai rabo ya riga ya ba da filin, manhaja ta faɗi, ko ta ɓata lissafi a ɓoye, wanda ya fi faɗuwar muni.

Mai kutse kuma ba ya jiran wata rana. In ya gano inda manhaja ke komawa kufai, sai ya shirya yadda za a saki filin, ya nemi fili mai girma daidai da shi don mai rabo ya ba shi wannan wurin, ya cika shi da bayanin da ya ga dama. Abubuwa da yawa a C++ suna ɗauke da adireshin jadawalin ayyukansu a cikin jikinsu. In mai kutse ya rubuta nasa adireshin a wurin, to, sa'ad da manhaja ta dawo ta ce wa abin ya yi aikinsa, umarnin baƙo za ta bi.

Yadda Wayon Ya Samu

Tun a farkon zamanin kwamfuta aka san wannan matsala, kuma a shekarar 1960 aka buga hanyoyi biyu na maganinta. John McCarthy, mai harshen Lisp, ya kawo dabarar mai shara, watau wani sashe da kan tashi lokaci lokaci ya bi duk manunai ya ga abin da ba mai nuna shi, ya kwashe. A wannan shekara kuma George Collins ya kawo dabarar ƙidaya: kowane abu a riƙa lissafin masu nuna shi, ranar da lissafin ya koma sifiri a sake shi. Harsuna irin su Java sun bi hanyar farko. C++ bai bi ta ba, domin an yi shi ne don ayyukan da ake son sanin daidai lokacin da kowane abu zai rushe, kuma ba a son manhaja ta tsaya jiran mai shara.

Bjarne Stroustrup, mutumin Danmak, shi ya fara aikin harshen a 1979 a ɗakin bincike na Bell, aka raɗa masa suna C++ a 1983. Babban abin da ya zo da shi, dangane da wannan magana, shi ne marushi. Kowane irin abu ana iya rubuta masa wani aiki na musamman wanda harshen da kansa zai kira a daidai lokacin da rayuwar abin ta ƙare. Abin da aka gina a cikin wani sashen aiki kuwa, rayuwarsa tana ƙarewa da zarar an fita daga sashen, ko ta wace ƙofa aka fita, ko da kuskure ne ya koro manhaja waje. Daga nan dabarar ta fito. A ɗauki tsuran manuni a sa shi cikin wani ɗan abu, a rubuta wa ɗan abin marushi wanda zai kula da sakin babban abin da ake nunawa. Wannan ɗan abu shi ne manuni mai wayo. Wayonsa duka a marushinsa yake.

Ƙa'idar C++ ta farko ta duniya, ta 1998, ta zo da iri ɗaya tak, mai suna auto_ptr, kuma bai yi albarka ba. In aka kwafe shi sai mallaka ta koma ga kwafin a asirce, na asali ya zama fanko, mai rubutu bai sani ba. An ja kunne a kansa a 2011, aka cire shi gaba ɗaya a 2017. A tsakanin nan masu taskar kayan aiki ta Boost, cikinsu har da Greg Colvin da Beman Dawes da Peter Dimov, suka yi ta gyaran wani iri mai ƙidaya, har ya nuna, ƙa'idar 2011 ta karɓe shi. Tun daga wannan shekara iri uku ne ake aiki da su.

Na farko shi ne unique_ptr, mai mallaka shi kaɗai. Ba a kwafarsa, sai dai a miƙa shi daga hannu zuwa hannu a fili, kuma ranar da ya mutu abin ya rushe. Shi ya kamata a fara dubawa a kowane aiki, don ba shi da nauyi kuma ba ya ɓoye wanda ke da abu. Amma ba ya hana wani ya karɓi aron adireshin ya ajiye, mai abu ya rushe abinsa, mai aro ya koma kufai. Sauran biyun, shared_ptr da weak_ptr, su ne na tarayya, kuma su ne abin magana a nan.

Ƙidayar Masu Riƙo

Sa'ad da aka gina abu aka danƙa shi ga shared_ptr, ana buɗe masa wani ɗan kundi a gefe. A cikin kundin akwai ƙidaya biyu: ta masu riƙo da ta masu kallo. Duk lokacin da aka kwafi manunin, ƙidayar masu riƙo ta hau da 1. Duk lokacin da wani kwafi ya mutu, ko aka juya shi ya nuna wani abu dabam, ta sauka da 1. Wanda ya saukar da ita zuwa 0, shi ne zai kira marushin abin. Ba wanda aka naɗa tun farko cewa shi ne mai rushewa. Na ƙarshen fita shi ke rufe ƙofa.

A misalin rajista, kamar a ce an kafa doka ne cewa duk mai bukatar fayil ya sa hannu a littafi, in ya gama ya soke sunansa, kuma ba a ƙona fayil muddin akwai suna ko ɗaya da ba a soke ba. Doka ce mai kyau. Amma mai karatu zai lura da wanda take karewa: wanda ya sa hannu. Wanda ya leƙa fayil a teburin abokin aikinsa, yana dogara da sa hannun abokin, ba ya cikin littafi. In abokin ya soke sunansa, masinja ya zo ya ɗauke fayil daga gabansa, doka ba ta karye ba ko kaɗan.

Inda Gizo Ke Saƙar

A nan ne mafi yawan masu koyo, har da ƙwararru, ke tuntuɓe. Ga misali daga aikin burauza, inda wannan aibi ya daɗe yana ba da wahala. A ce akwai abu mai wakiltar wani maɓalli a shafin intanet. Shafin ne ke riƙe da shi ta hanyar manuni mai wayo, kuma shi kaɗai ke riƙe da shi, watau ƙidaya tana kan 1. Mutum ya danna maɓallin, burauza ta kira aikin da ke cikin abin:

void Maballi::anDanna() {
    sanarDaMasuJira();
    adadinDannawa = adadinDannawa + 1;
}

Layi na farko yana sanar da duk waɗanda suka bar sallahu cewa a kira su in an danna. Layi na biyu yana ƙara lissafi a cikin jikin maɓallin. Ba tsuran manuni a bayyane, ba umarnin rushewa, kome tsaf. Amma su wane ne masu jiran? Cikinsu akwai rubutun JavaScript na mai shafin, wanda marubucin burauza bai taɓa gani ba, kuma yana da ikon ya ce a cire wannan maɓalli daga shafin. In ya faɗi haka, shafin ya saki riƙonsa, ƙidaya ta sauka daga 1 zuwa 0, marushi ya yi aikinsa, fili ya koma ga mai rabo. Duk wannan ya faru ne a cikin layi na farko. Da aka dawo layi na biyu, aikin yana rubutu ne a kufai.

Dalili kuwa shi ne, duk aikin da ke cikin abu yana kaiwa ga jikin abin ne ta wani manuni da harshen ke ba shi a ɓoye, mai suna this, kuma wannan tsuran manuni ne, aro ne, ba ya cikin ƙidaya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abu yana iya kasancewa a tsakiyar aikinsa a rushe shi, harshen ba zai hana ba.

Maganin layi ɗaya ne. Kafin a kira wanda ba a san abin da zai yi ba, aikin ya sa hannu a littafi da kansa:

void Maballi::anDanna() {
    auto riko = shared_from_this();
    sanarDaMasuJira();
    adadinDannawa = adadinDannawa + 1;
}

Yanzu ƙidaya ta hau 2 kafin sanarwa. In shafin ya saki nasa, ta sauka zuwa 1, abin yana nan. Layi na ƙarshe ya yi rubutunsa a wuri mai rai. Sai an kai ƙarshen sashen ne riko zai mutu, ƙidaya ta koma 0, a rushe abin bayan an gama da shi. Ba a hana rushewa ba, an jinkirta ta ne zuwa lokacin da ba ta da illa. Wanda ya buɗe rubutun WebKit, injin da ke ƙarƙashin burauzar Safari, zai yi ta cin karo da wani ɗan manuni mai suna protectedThis a farkon ayyuka masu yawa. Su nasu irin manunin ne suka ƙera, ba na ƙa'ida ba, amma aikinsa ke nan. Baƙo yakan ga layin ya ɗauka ba shi da amfani, tun da ba a sake ambatar sunan a ƙasa, har ya yi sha'awar goge shi don tsafta. Wanda ya goge ya buɗe ƙofa.

Wannan shared_from_this yana da sharuɗɗa. Dole irin abin ya gaji enable_shared_from_this, kuma dole ya kasance akwai wani shared_ptr da ya riga ya riƙe shi. Saboda haka ba a kiransa a lokacin da ake cikin gina abin, don ba a buɗe kundi ba tukuna, kuma ba a kiransa a cikin marushi, don ƙidaya ta riga ta kai 0. Wani zai ce me ya sa ba za a ɗauki this kawai a sa shi cikin sabon shared_ptr ba? Wanda ya yi haka ya buɗe kundi na biyu ga abu ɗaya. Kowane kundi zai yi tasa ƙidaya, kowanne zai kai 0 a nasa lokaci, a rushe abu ɗaya sau biyu. An gudu ba a tsira ba.

Irin wannan tarko yana da wata fuska da ta fi ɓoyuwa. Sau da yawa akan ajiye shared_ptr a wurin da kowa ke iya kaiwa, a ce manunin da ke nuna tsarin da manhaja ke aiki da shi a yanzu. Wani aiki ya ɗauki abin da manunin ke nunawa ya miƙa wa wani aiki aro, don gudun nauyin kwafi. Aiki na biyu ya kira na uku, na uku ya kira na huɗu, can ƙasa wani ya ga an sauya tsari ya juya manunin zuwa sabo. Tsohon tsari ya rushe, alhali ayyuka uku a sama suna riƙe da aronsa. Ko da manunin kansa aka miƙa aro ba a kwafe shi ba, ƙidaya ba ta hau ba, kariya ba ta samu ba. Herb Sutter ya yi bayanin wannan, kuma kundin shawarwari na C++ Core Guidelines, wanda shi da Stroustrup suka fara fitarwa a 2015, ya sa shi cikin dokokinsa: wanda ke saman jerin kira ya yi kwafi guda a cikin sashensa, sa'an nan ya ba da aro daga wannan kwafin. Kwafi ɗaya a sama ya ishi duk na ƙasa, ba sai kowa ya yi nasa ba.

Tambayar da ya kamata marubuci ya yi wa kansa a kowane layi, ke nan, ba ita ce ko abin yana hannun manuni mai wayo ba. Tambayar ita ce: daga wannan layi zuwa inda zai gama amfani da abin, wane ne ke riƙe da shi, kuma akwai wanda zai iya sa shi ya saki a tsakani?

Aikin da Za a Dawo Masa Daga Baya

Akwai ayyukan da ba sa ƙarewa nan take. Manhajar da ke karɓar baƙi ta intanet takan gina abu guda ga kowane haɗi, ta ce a karanto mata saƙo daga wancan gefe, ta bar sallahun aikin da za a kira in saƙon ya iso, ta wuce ga wani baƙo. Saƙon yana iya isowa bayan daƙiƙa ɗaya ko bayan minti goma. In sallahun yana ɗauke da tsuran manuni ne, kuma aka rushe abin kafin saƙo ya zo, za a kira matacce. A misalan taskar Asio ta Christopher Kohlhoff, wadda ake yawan rubuta irin waɗannan manhajoji da ita, dabarar ita ce a sa kwafin shared_ptr a cikin sallahun kansa. Muddin ana jiran saƙo, sallahu na riƙe da abin. In ba sauran sallahu, haɗin ya rushe da kansa.

Amma ba kullum ake son haka ba. A ce taga ce a fuskar kwamfuta ta aika a ɗauko mata hoto, mutum ya rufe tagar kafin hoton ya zo. Ba amfanin a tsare taga da rai don jiran hoton da ba mai kallo. A nan weak_ptr ke shigowa. Shi mai kallo ne, ba mai riƙo ba. Yana nuna kundin, yana cikin ƙidaya ta biyu, amma ba ya hana rushewa. Ba a iya taɓa abu kai tsaye ta wurinsa. Sai an kira aikinsa mai suna lock, wanda zai duba kundin: in abin yana raye ya ba da sabon shared_ptr, in ya rushe ya ba da fanko. Kundin yana zama har sai mai kallo na ƙarshe ya tafi, shi ya sa kullum akwai wanda za a tambaya.

Wajibi ne a riƙe abin da lock ya bayar har a gama aiki. Akwai masu tambaya da farko ko abin yana raye, a ce musu e, sa'an nan su je su ɗauko shi a layi na gaba. A manhajar da ke tafiyar da zaren aiki da yawa lokaci guda, tsakanin tambaya da ɗauka wani zare yana iya sakin riƙo na ƙarshe. Shi lock yana haɗa dubawa da sa hannu a taki ɗaya wanda ba mai iya shiga tsakani, kuma wannan ne dukan darajarsa.

Har ila yau weak_ptr ne maganin tsohuwar cutar ƙidaya, wadda aka lura da ita tun farkon shekarun 1960, watau zobe. In abu na farko yana riƙe da na biyu, na biyu kuma yana riƙe da na farko, ƙidayar kowannensu ba za ta sauka ƙasa da 1 ba ko da duk duniya ta manta da su. Filinsu ya tafi ke nan, kuma manhajar da ke kwana tana aiki za ta yi ta kumbura har ta cinye ƙwaƙwalwa. Abu ma yana iya ɗaure kansa da kansa, in ya ajiye a jikinsa sallahun da ke ɗauke da kwafin manuninsa. Garin neman ƙiba an samo rama. Dokar da aka saba bi ita ce uwa ta riƙe 'ya'ya da shared_ptr, 'ya'ya su waiwayi uwa da weak_ptr.

Farashi da Iyaka

Ba a samun wannan kariya kyauta. Kowane shared_ptr yakan ci ninki biyu na filin tsuran manuni, don yana ɗauke da adireshin abu da na kundi. Hawa da saukar ƙidaya kuma dole a yi su ta hanyar da zare biyu ba za su ɓata wa juna lissafi ba, kuma wannan ya fi ƙari na yau da kullum tsada, musamman in zare da yawa suna rububin kundi ɗaya. Aikin make_shared yana rage wahala ta wurin neman fili ɗaya ga abu da kundinsa, amma sakamakon haka filin duka ba ya komawa ga mai rabo sai mai kallo na ƙarshe ya tafi, ko da an daɗe da kiran marushi.

Sai kuma wani ruɗani da ya yaɗu. Ƙidaya ce kaɗai aka tsare daga rububin zare, ba abin da ake nunawa ba. Zare biyu masu riƙe da kwafi dabam dabam suna da tabbacin abin ba zai rushe a hannunsu ba, amma in dukansu suna rubutu a cikinsa sai sun nemi makulli. Haka kuma in manuni guda ne a wuri guda, wani zare yana kwafarsa wani yana juya shi, wannan ma karo ne; ƙa'idar 2020 ta kawo wani iri na musamman don wannan hali. Kuma tun da na ƙarshen fita ne ke rushewa, marushi yana iya tashi a kan zaren da marubuci bai yi tsammani ba, a lokacin da bai yi tsammani ba.

Aibi mafi girma, duk da haka, na tunani ne. Akwai manhajojin da aka mai da kowane manuni a cikinsu shared_ptr don tsoro, har ya zama ba wanda zai iya cewa ga mai wannan abu, ko ga ranar da zai rushe. Abin da ya kamata ya mutu sai ya yi ta rayuwa, fayil na kwamfuta ya zauna a buɗe, haɗin da aka sallama ya ci gaba da amsa saƙo. Tsare abu da rai bai tabbatar da cewa yana cikin halin da za a yi aiki da shi ba. Maɓallin da aka ambata a baya ya tsira daga rushewa, amma an riga an cire shi daga shafinsa, saboda haka in layi na gaba zai nemi shafin ne, dole ya fara dubawa ko har yanzu yana da shafi.

Saboda duk wannan ya dogara ne ga kulawar ɗan Adam, manyan kamfanoni ba su tsaya nan ba. A 2012 ma'aikatan Google suka bayyana AddressSanitizer, wanda ke sa wa filin da aka saki alama a lokacin gwaji, ya tsai da manhaja da zarar ta taɓa shi, ya nuna layin da ya gina abin da layin da ya rushe shi. Harshen Rust, wanda fitowarsa ta farko tsayayya ta kasance a 2015, ya sa dokar aro a cikin harshen kansa: rubutun da aro zai iya wuce rayuwar mai abu ba ya ma wucewa wurin fassara, kodayake shi ma yana da nasa manunai masu ƙidaya, Rc da Arc, kuma zobe yana iya kama su. A watan Nuwamba na 2022 hukumar tsaro ta NSA a Amurka ta ba da shawarar a riƙa komawa irin waɗannan harsuna inda hali ya yi.

Sai dai rubutun C++ da ke aiki a duniya ya fi ƙarfin a sake shi a 'yan shekaru. Masu Chrome sun ɗauki wata hanya ta tsakiya da suka kira MiraclePtr, suka fara kunna ta a 2022 a kan Windows da Android. Sun maye gurbin ɗimbin tsuran manunan da ke ajiye a jikin abubuwa da wani iri mai ƙidaya, amma ƙidayarsa ba ta hana kiran marushi. Abin da take hanawa shi ne sake ba da filin. In aka rushe abu alhali akwai mai nuna shi, sai a cika filin da wata lamba marar amfani, a killace shi, mai rabo ba zai ba kowa ba sai manuni na ƙarshe ya kau. Manhajar da ta koma kufai tana iya faɗuwa, amma abin da za ta tarar a wurin shara ce da masu burauza suka zuba, ba bayanin da mai kutse ya shirya ba.